Noman Kayan Miya a Buhu: Mafita ga Magidanta a Ikko

Galibin tumatir da tattasai da ake ci a Ikko, daga Arewa ake kai su kasuwar Mile 12. Saboda haka duk abin da ya sami gonakin Arewa, sai ya taɓa tukunyar Kudu. An shaida haka a shekarar 2016, sa'ad da tsutsar tumatir ta cinye gonaki a jihohin Kano da Kaduna, farashi ya yi tashin gwauron zabi.

Irin wannan tsada ce ke sa magidantan da ba su da fili yin shuka cikin buhun shinkafa ko robar fenti. Akan huda gindin mazubin domin ruwa ya tsiyaye, a cika shi da ƙasa haɗe da ruɓaɓɓen taki, sannan a ajiye inda zai sami rana ta awa 6 a yini. Alayyafo kan isa yanka cikin mako 4, tumatir kuwa sai kimanin wata 3.

Buhu ba zai maye gurbin fadama ba, amma yana rage kuɗin cefane da damina, lokacin da tumatir ke ƙaranci. Ga 'yan kasuwa kuwa, wata kafar ciniki ce ta buɗe: sayar da iri, taki da dashe.