Gizmondo: Kamfanin Da Ya Tafi Amurka Da Aljihu A Huje

'Yan uwana ɗalibai, akwai kuskuren da na daɗe ina yi, kuma na san da yawanmu muna yi. Da zarar na ji an ce kamfani ya buɗe reshe a ƙasar waje, sai in ce shi ke nan, kuɗi sun zauna. Labarin wata na'urar wasan gem ta hannu mai suna Gizmondo shi ya cire mini wannan tunani.

Kamfanin Tiger Telematics ne ya fito da ita a Ingila a watan Maris 2005, a kan fam 229. A takarda dai abar ta haɗu: tana da kyamara, tana tura saƙon tes, tana nuna wa mutum inda yake a taswira. An buɗe mata katafaren shago a titin Regent da ke Landan, aka yi ƙasaitaccen biki da manyan mawaƙa. A watan Oktoba na shekarar aka tsallaka da ita Amurka, a kan dala 400. Zuwa Fabrairu 2006 reshen kamfanin na Turai ya durƙushe. Abin da aka sayar gaba ɗaya bai kai guda 25,000 ba, asara kuwa ta haura dala miliyan 300.

To mu ɗauki kalkuleta. Ko da an sayar da 25,000 cif a kan dala 400, kuɗin da suka shigo dala miliyan 10 ne kacal. Wato a kan kowace na'ura ɗaya, kamfanin ya ƙona kusan dala 12,000. Kai jama'a!

Me ya sa fita waje ke cin kuɗi haka? Saboda kashewa ake fara yi, samu sai daga baya. Masana'anta sai an biya ta kafin ta ƙera. Ga kuɗin jirgi, ga kwastam, ga hayar sito, ga talla a ƙasar da ba wanda ya san sunanka. Dillali zai cire rabonsa, wanda ta lalace a hannunsa kuma zai dawo da ita. Duk wata ɗaya da kaya suka yi a sito, jarinka ne yake barci, alhali albashi da kuɗin haya ba sa jira.

Sannan a wannan sana'a, ba a jikin na'urar babbar riba take ba, a wasannin da ake saya daga baya take. Gizmondo wasanni 14 kawai aka fitar mata. Masu ƙirƙirar wasa ba sa zuba kuɗi a na'urar da ba ta da jama'a, jama'a kuma ba sa sayen na'urar da ba wasa. Ga shi a daidai lokacin Nintendo DS da PSP na Sony sun cika kasuwa. Wani abin mamaki ma, kafin ta isa Amurka kamfanin ya sanar cewa sabon samfuri mai faɗin allo na nan tafe. Wa zai sayi tsoho bayan ya ji haka?

Yanzu ku duba kamfanin Panic na birnin Portland a Amurka, mai na'urar Playdate. A watan Yuli 2021 ya buɗe oda a kan dala 179, mutane suka biya tun kafin kaya su fito, guda 20,000 suka ƙare cikin ƙasa da minti 20. Wato sama da dala miliyan 3.5 a hannu. Su ma sun ga tasku: batiran kashin farko sun zo da matsala, dole aka mayar da kayan masana'anta a Malesiya, ba a fara aikawa ba sai Afrilu 2022. Amma sun tsaya da ƙafarsu, domin suna da manhajojin kwamfuta da wasu wasanni da ke kawo musu kuɗi. Da tsadar ƙira ta ƙaru, suka ɗaga farashi zuwa dala 199 a 2023 maimakon su ci uwar kuɗi.

Shi ya sa yanzu in na ji kamfani na shirin fita waje, tambaya uku nake yi. Shin yana cin riba a gida tukuna? Kuɗin wa zai kashe: na masu saye, na bashi, ko na masu hannun jari? Kuma in kaya suka makale wata shida, zai iya biyan albashi?

Ga masu rubuta tsarin kasuwanci a darasin koyon sana'a, da masu sayar da caja da iyafis a hostel suna tunanin buɗe reshe a wata makaranta, ina ba ku shawara ku amsa tambayoyin nan a takarda kafin ku kama shago na biyu. Gani ga wane dai ya ishi wane tsoron Allah.