Kwalin Rokar Wasan Wuta: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Da zarar an gama girbi, iskar hunturu ta taso, sai hidimomin aure da sauran shagulgula su yawaita a ƙasar Gwandu da ta Argungu. A lokacin ne 'yan tireda kan kawo kayan wasan wuta, har da irin wanda ake kira roka, watau mai tashi sama da ƙara ya watsa tartsatsi. Inda duk aka sayar da irin wannan kuwa, ba a rasa yaron da zai ce shi ma zai haɗa tasa. Gari kamar Gwadangaji, wanda ke manne da Birnin Kebbi, kaya ba su da wuyar isa gare shi, ga kuma rumbuna da darni da tarin kara a bayan gidaje. Saboda haka ya kamata hakimai da malamansu su san yadda abin yake.

Roka bututu ce ta kwali, an danƙare albarushi a cikinta, an toshe gindinta da yumɓu sai 'yar ƙofa guda. In wuta ta kama, albarushin yana ci kaɗan kaɗan, hayaƙi mai zafi yana fita ta ƙofar nan da ƙarfi, shi ne ke tura ta sama. Sandan da ke jikinta shi ke hana ta karkacewa.

Mutum ya iya tambaya, don me ba a yin bututun da ƙarfe, tun da ya fi ƙarfi? Dalili shi ne, ko a ma'aikata aka yi roka, wata takan fashe tun ba ta tashi ba. Kwali in ya fashe sai ya yage ya zama tsumma. Ƙarfe kuwa, da irin bututun robar nan na famfo, tarwatsewa suke yi su zama kamar harsashi. Tarihi ma ya nuna haka. Sarkin Maisur na ƙasar Indiya, Tipu Sultan, da roka mai bututun ƙarfe ya yaƙi Ingilishi har aka kashe shi cikin 1799. Daga nan wani Bature mai suna William Congreve ya kwaikwayi dabarar, cikin 1806 kuma aka harba irin tasa a kan garin Bulon na Faransa. Watau roka mai ƙarfe makami ce tun asalinta, kuma duk wadda aka gani a hannun yaro sai a ɗauke ta a matsayin makami.

Amma kada a ce tun da kwali ne shi ke nan. Kwali iri iri ne. Na ma'aikata da wata takarda mai tauri ake yinsa, irin ta buhun siminti na da, wadda wani mai suna Carl Dahl ya gano hanyar yinta a Jamus cikin 1879. Ana naɗe ta miƙe, falle bisa falle, da manne mai kyau, har ta yi kauri kamar itace. Wanda yara ke tsinta a shagon tela, watau na tsakiyar bandirin yadi, a karkace aka naɗe shi kamar rawani, yana da gaɓa tun daga sama har ƙasa. Wuta na matsa shi sai ya buɗe ta nan, rokar ta yi gefe, ta faɗa cikin jama'a ko bisa jinka.

Akwai kuma sha'anin laima, wanda ya fi shafar mutanen bakin gulbin Rima. Kwalin da ya kwana a ɗaki mai danshi da damina yakan kumbura, in hunturu ya zo ya bushe ya tsuke. Albarushin da ke ciki sai ya tsage ko ya rabu da jikin kwalin, wuta ta bi tsagar ta cinye shi gaba ɗaya. Ga gara kuma, ba ta barin takarda. Don haka kayan bara da ɗan tireda ya fito da su ya karya musu kuɗi sun fi sababbi hatsari ƙwarai, ko da fentinsu na ƙyalli.

Tara su wuri guda ma wata masifa ce. Ranar 26 ga Disamba, 2012 wani ɗakin ajiyar kayan wasan wuta ya kama a unguwar Jankara ta Ikko, gine-gine suka ƙone, mutane da dama suka yi rauni.

Dokar abubuwa masu fashewa ta 1964 ta hana yinsu ko ajiye su ba da izini ba. Hakimi in ya sami labarin ana haɗa roka a ƙasarsa, sai ya sa dagaci ko mai unguwa ya gargaɗi iyayen yaran, ya kuma sanar da 'yan sanda. Malamin hakimi ya rubuta sunan unguwa da ranar da irin kayan da aka gani. Rokar da aka kunna ta ƙi tashi, kada kowa ya leƙa ta ko ya sake kunna ta. A ba ta lokaci mai tsawo, sa'an nan a tsoma ta cikin bokitin ruwa ta kwana.