Me Ya Sa Sitiyari Ke Karkarwa Idan Aka Taka Birki? Sau Da Yawa Laifin Ba Na Dis Ba Ne

Abin yakan fara ne a hankali. Matashi ya tara kuɗi ya sayi BMW ƙirar E46, irin motocin nan masu ƙarfin gudu da ake yawan gani a hannun samari a Abuja, Kaduna da Kano. A cikin gari birki lafiya lau yake. Amma ranar da ya hau babbar hanya, mota ta kai gudun kilomita 100, ya ɗan taɓa birki saboda wata tirela a gabansa, sai sitiyari ya kama rawa a hannunsa, feda kuma tana bugun tafin ƙafarsa. Da gudun ya ragu sai rawar ta lafa, kamar ba a yi ba.

A gareji amsar a shirye take: dis ya lanƙwashe, sai an sa sabo. A sa sabo, mota ta yi shiru, mai mota ya ji daɗi. Bayan 'yan watanni karkarwar ta dawo. A nan ne ake fara zargin cewa kayan jabu ne, ko bakanike bai iya aiki ba, a sake kashe wani kuɗin. Abin da yake faruwa a zahiri ya ɗan bambanta da wannan labarin, kuma wanda ya fahimce shi zai daina sayen dis sau biyu a shekara.

Yadda birki ke aiki

A bayan kowace tayar gaba akwai faifan ƙarfe da ke juyawa tare da ita, shi ne kanikawa ke kira dis. Akwai fad guda biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, suna zaune cikin wani gidan ƙarfe da ake kira kalifa. Idan direba ya taka feda, man birki ya tura fad ɗin su matse faifan. Wannan gugar ita ke tsayar da mota, kuma duk ƙarfin gudun yana komawa zafi ne.

Zafin ba kaɗan ba ne. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ke gudun kilomita 120 a awa, idan aka tsayar da ita cak, zafin da zai fito ya isa ya tafasa ruwa kimanin lita biyu da rabi, kuma cikin 'yan daƙiƙu. Idan gudu ya ninka sau biyu, zafin yana ninkawa ne sau huɗu. Mafi yawansa kuma a birkin gaba yake sauka, domin nauyin mota gaba yake rinjaya lokacin tsayawa. Shi ya sa motocin da ake gudu da su sosai suka fi fama da wannan matsala.

Mutumin da ya ƙaryata batun lanƙwasa

Carroll Smith injiniyan motocin tsere ne ɗan Amurka, wanda ya yi aiki da tawagar Shelby a kan motar Ford GT40 da ta lashe tseren Le Mans na Faransa a shekarun 1966 da 1967. A wata maƙala da kamfanin StopTech mai ƙera kayan birki ya wallafa, ya bayyana cewa a cikin shekaru fiye da 40 da ya yi a harkar tsere bai taɓa cin karo da dis ɗin da ya lanƙwashe ba, muddin an ɗaura shi yadda ya kamata. Duk wanda aka kawo masa da wannan sunan, in ya bincika, sai ya tarar kaurinsa ne bai daidaita ba.

Ba kowane injiniya ne ya yarda da shi ɗari bisa ɗari ba, domin tsananin zafi yana iya sauya siffar faifai. Sai dai an yi ittifaƙi a kan abu ɗaya: abin da ƙafar direba ke ji a feda bambancin kauri ne. Idan wani ɓangaren faifan ya fi wani kauri, duk zagayen da ya yi sai ya tura fad baya, fad ya tura mai, mai ya turo feda. Ƙarfin riƙon birkin ma hawa da sauka yake yi, shi ne ke kaɗa sitiyari.

Bambancin da ake magana a kai ido ba ya ganin sa. Kaurin silin gashin mutum wajen milimita 0.07 ne. Bambancin da bai wuce milimita 0.02 ba ya isa direba ya fara jin sa. Don haka bakaniken da ya shafa dis da hannu ya yanke hukunci, hasashe kawai ya yi.

Hanya ta farko: tambarin fad

Mutane da yawa ba su san cewa fad yana barin wani siririn shafe na jikinsa a fuskar dis ba. Wannan shafen ba illa ba ne, da shi ne ma birki ke kamawa da kyau, matuƙar ya bazu daidai a ko'ina. Matsalar tana zuwa ne idan ya taru a wuri ɗaya.

Misali, direban da ya gangaro Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga ƙafarsa na kan birki tun daga sama, ya iso ƙasa faifan ya ɗauki zafi, sannan ya tsaya a shingen jami'an tsaro ya danne feda na minti guda. Fad mai zafi ya manne a wuri ɗaya, ya bar tambarinsa. Wani lokacin har ana iya ganin zanen siffar fad ɗin a jikin faifan. Daga nan duk taka birki, wannan tudun ne ke fara haɗuwa da fad, shi ne kuma ke fin ko'ina zafi.

Smith ya yi bayanin cewa idan zafin wurin ya kai wajen digiri 650 zuwa 700 a ma'aunin salshiyos, ƙarfen zubin da ke ƙarƙashinsa yana rikiɗewa ya yi tauri fiye da sauran faifan. Wurin ba ya cinyewa daidai da kewayensa, don haka tudun sai ƙara fitowa yake. Idan aka ga ɗigo-ɗigon shuɗi ko baƙi a fuskar dis, alama ce an kai wannan matakin, kuma ko an sassaƙe shi karkarwar na iya dawowa.

Hanya ta biyu: ɗaurin da ya karkace

Wannan ita ce ke bayyana dalilin da ya sa sabon dis ke lalacewa cikin 'yan watanni. Faifan yana zama ne a kan hob, wato cibiyar ƙarfen da taya ke ɗaure a jiki. Duk wanda ya taɓa manna gilashin kariya a fuskar waya ya san abin da ƙwayar ƙura ɗaya ke yi: ta ɗaga gilashin, iska ta shiga. Haka tsatsa ko yashi ke yi tsakanin hob da dis. Ɗan tudun da ke kusa da tsakiya, kafin a kai bakin faifan karkacewarsa ta ninku.

Faifan da ya zauna a karkace yana lilo hagu da dama yayin juyawa. Motoci da yawa ba su yarda wannan lilon ya wuce kimanin milimita 0.05 ba. A ranar farko direba ba zai ji komai ba, saboda kaurin faifan daidai yake, kalifa kuma tana bin sa. Amma a kowane zagaye, ko ba a taka birki ba, ɓangaren da ya fito yana ɗan shafar fad. Bayan tafiyar dubban kilomita wurin ya cinye ko ya tara shafe, bambancin kauri ya samu, karkarwa ta dawo.

Ɗaurin notin taya ma yana jawo haka. Abin da aka saba gani wajen mai faci shi ne a zura bututu a sifana a hau kai da ƙafa, noti ɗaya ya ɗauru tamau, wani kuma bai kai shi ba. Ga E46, kamfanin BMW ya ƙayyade nuton-mita 120 ga kowane noti, kuma ana ɗaurawa ne a tsallake, kamar mai zana tauraro, ba a jere ba.

Akwai wasu masu laifin. Ƙusoshin da kalifa ke zamewa a kansu idan suka bushe, fad ba ya sakin faifan, ya yi ta gugar sa har ya ƙone. Motar da ta daɗe a ajiye, musamman da damina ko a tashar jirgin ruwa, fuskar dis ɗinta tana yin tsatsa ban da wurin da fad ya rufe. Watsa ruwan sanyi a kan faifai mai zafi a wurin wankin mota shi ma ba ya yi masa daɗi. Sannan E46 ta yi ƙaurin suna wajen mutuwar bushin ɗin hannun tayar gaba. Idan robar ta saki, 'yar ƙaramar karkarwa sai ta zama babba, kuma sauya dis ba zai magance ta ba.

Abin da waya za ta iya ganowa

Na'urar nan ta OBD da ake sokawa a mota a karanta matsala ta waya ba za ta nuna komai a nan ba. Kwamfutar motar ba ta da abin auna kaurin dis. A E46 abin da ke akwai shi ne 'yar wayar da ke kunna fitila idan fad ya cinye, ɗaya a tayar gaba ta hagu, ɗaya a ta baya ta dama.

Amma kowace wayar zamani tana da na'urar jin motsi, wadda ke juya hoto idan an kwantar da wayar. Manhajar phyphox, wadda Jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta samar kyauta ga Android da iPhone, tana iya naɗar girgiza ta nuna sau nawa take bugawa a daƙiƙa. Tayar 225/45 R17 da ake sa wa irin wannan mota kewayenta kusan mita biyu ne. A gudun kilomita 100 tana zagayawa kusan sau 14 a daƙiƙa, a gudun 50 kuma sau 7. Idan faifan yana da tudu biyu, adadin na iya ninkawa.

Gwajin shi ne a ɗaure wayar da kyau a mariƙinta, wani daban ya kula da ita, ba direba ba, a kan hanya mara cunkoso kuma cikin iyakar gudu. A naɗi girgiza sau biyu: ba tare da birki ba, sannan da birki a hankali. Idan girgizar tana nan ko ba a taka birki ba, batun balansin taya ne ko wili da ya lotse. Idan sai an taka take fitowa, kuma tana raguwa tare da gudu, to a duba dis. Wadda ake ji a sitiyari galibi daga gaba take, wadda ake ji a kujera kuma daga baya. Kada a haɗa wannan da bugun ABS, wanda ke zuwa da sauri da ƙara lokacin birkin gaggawa ko a kan santsi. Wannan aikinsa ne yake yi.

Na'urar auna zafi mai kama da bindiga ma tana taimakawa, amma ta masana'antu, domin irin wadda aka saba gani lokacin korona iyakarta zafin jikin mutum. Bayan 'yar tafiya a auna faifan hagu da na dama. Idan ɗaya ya fi ɗaya zafi nesa ba kusa ba, kalifar wannan ɓangaren tana riƙewa.

Gyaran da ke ɗorewa

Kafin a sayi komai, a auna. Maikuromita tana nuna kaurin faifan a wurare takwas a kewayensa, agogon awo kuma yana nuna lilo. A jikin kowane dis an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi. Na gaban E46 330i sabo milimita 25 ne, iyakarsa kuma 23.4. Tazarar milimita 1.6 ce kacal, don haka faifan da ya riga ya sha aiki ba shi da naman da za a sassaƙe a inji. Wanda ya sirance yana saurin ɗaukar zafi, yana iya tsagewa.

Idan sauyawa za a yi, a sauya hagu da dama tare, da sababbin fad. A goge fuskar hob da burushin ƙarfe har ta yi ƙyalli. A wanke man kariyar da sabon dis ke zuwa da shi. A shafa wa ƙusoshin kalifa man da aka yi domin su, a duba bushin, a ɗaure noti da sifana mai ma'auni. Fad ɗin filin tsere kuma bai dace da cikin gari ba, domin da yawansu sai sun ɗauki zafi suke kamawa sosai.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda kusan kowa ke tsallakewa: saba wa fad da dis juna. A hanyar da babu kowa, direba ya kai gudun 80 zuwa 90, ya taka birki da ɗan ƙarfi har gudu ya sauko wajen 15, ba tare da ya tsaya cak ba, sannan ya sake hawa. Ya maimaita sau takwas zuwa goma, daga nan ya yi tafiyar 'yan mintuna ba tare da birki sosai ba don faifan ya huce. Idan kwalin fad ɗin ya zo da nasa umarnin, shi za a bi. Wannan ne ke shimfiɗa shafen daidai, kuma idan karkarwar sabuwa ce wani lokacin shi kaɗai yana kawar da ita.

Sauran kuma ɗabi'ar tuƙi ce. A gangare mai tsawo a sauko da giya injin ya taimaka. Bayan birki mai ƙarfi, idan dole a tsaya, a bar tazara a gaba yadda mota za ta riƙa ɗan matsawa, maimakon danne feda a wuri ɗaya. Karkarwar da aka ƙyale tana cin bushin da boris, tana kuma sa direba ya sassauta ƙafa a daidai lokacin da ya kamata ya taka da ƙarfi. Mota mai gudun kilomita 100 tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, don haka jinkirin rabin daƙiƙa tsawon motoci uku ne.