Na'urar Ciyar da Kifi a Kududdufan Sakaba

Na'urar ciyar da kifi mazubi ce mai ɗauke da ƙwayoyin abinci, wadda agogon da ke jikinta ke buɗewa a lokutan da aka tsara, wata ƙaramar fanka kuma ta watsa abincin a saman ruwa. Ga mai kiwon tarwaɗa a Ƙaramar Hukumar Sakaba ta Masarautar Zuru, inda aikin gona ke cinye yinin damina, amfaninta a fili yake, musamman irin mai aiki da hasken rana.

Sai dai amfanin nata ya dogara ne ga inda aka kafa ta. Ya dace ta kasance a kan ginshiƙi mai ƙarfi, tana fuskantar wuri mai zurfi, nesa da mafitar ruwa, kuma iska na bugowa daga bayanta, domin abincin da ya taru a gefe yakan ruɓe ya gurɓata ruwa, alhali abinci ne ke cin kaso mafi girma na kuɗin kiwo. Watsawa da faɗi tana da muhimmanci, saboda manyan tarwaɗa kan danne ƙanana, har su cinye su idan bambancin girma ya yi yawa.

Game da lokaci kuwa, iskar oksijin da kifi ke shaƙa a ruwa takan ragu matuƙa da asuba, don haka ciyarwar farko ta jira hantsi, ta biyu kuma ta zo da yamma, yayin da 'ya'yan kifi ke buƙatar sau uku ko huɗu a rana. Sanyin hunturu na rage wa kifi ci, don haka dole a rage ma'aunin abincin daga Disamba zuwa Janairu.