Kafin Ka Sayi Adaidaita Mai Caji, Tambayi Batirinta

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, ɗan adaidaita sahu ya koma yi wa gidan mai bauta. Ya wuni yana kai-kawo, da yamma ya fitar da kuɗin mai, ya kai wa mai keke balas, abin da ya rage ko cefane ba ya isa. Shi ya sa zancen keke mai caji ke shiga kunne. A Maiduguri gwamnatin Borno ta fito da motocin haya masu lantarki. A Kigali ta ƙasar Ruwanda kuwa, tun Janairun 2025 aka daina yi wa sabon babur ɗin haya mai shan fetur rajista. Can ɗan acaɓa mai babur ɗin lantarki ba ya zaman jiran caji: ya shiga tasha, ya ajiye batirin da ya ƙare, ya ɗauki cikakke, ya kama hanya.

Sauƙin gaskiya ne. Ba juyen baƙin mai, ba wankin filogi, ba hayaƙi. Amma dillali ba zai fara maka da zancen batir ba, alhali shi ne mafi tsada a jikin keken. Tambaye shi: na litiyom ne ko na dalma? Na dalma ya fi araha, sai dai nauyi gare shi kuma ba ya daɗewa. Garantin shekara nawa ne, a rubuce? In ya mutu, wa ke da sabo a garinku? A ina kuma za ka yi caji? In da janareta ne, ai an gudu ba a tsira ba.

Zafin bazararmu ma maƙiyin batir ne. Kada ka jona shi da sauka daga aiki yana huci, bari ya sha iska. Kada ka yi amfani da cajar da ba tasa ba, kada kuma ka kwana da shi a ɗakin da iyali ke barci ko a bakin ƙofar zaure. Gobarar litiyom tana da wuyar kashewa, takan ma sake tashi bayan an zaci ta mutu. Batirin da ya kumbura ko yake wari, a fitar da shi fili nan take.

Mataccen batirin dalma kuma kada a fasa shi a tsakar gida don a sayar wa 'yan gwangwan. Gubar dalma ce ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010. A can daga dutsen zinariya ta fito, amma ita ɗin ce dai a cikin batirin.