Mai Kaya Da Dillali: Yadda Rigimar La'adar Wasannin Kwamfuta Ta Shafi Samarin Jalingo

Duk wanda ya taɓa kai saniya kasuwar Iware, ko ya kawo doyar Zing kasuwar Jalingo, ya san abin da ake kira la'ada. Mai kaya ya yi kiwo ko ya yi noma, ya sha rana ya sha ruwa, amma in ya iso kasuwa sai ya damƙa wa dillali, domin dillali shi ya san masu saye, shi ne kuma masu saye suka amince da shi. In ciniki ya faɗa, dillali ya cire nasa, mai kaya ya karɓi saura. Tun kaka da kakanni haka abin yake, kuma tun wancan zamani masu kaya suke gunaguni a kan yawan abin da dillali yake cirewa.

To, irin wannan gunaguni ne ya tashi tsakanin kamfanonin da ke ƙera wasannin kwamfuta da na wayar hannu, watau abin da samari ke kira gem, da kuma kamfanonin da suka mallaki kasuwannin intanet inda ake sayar da wasannin. A kotunan Amurka da majalisun Turai ake fafatawa, amma ƙurar rigimar ta iso har Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, domin kuwa a unguwanni irin su Sabon Gari da Magami da Mayo Gwoi, da kewayen Jami'ar Jihar Taraba, da wuya a wuce majalisar samari da yamma ba a ga wani ya duƙufa a kan wayarsa yana wasan ƙwallo ko na harbe-harbe ba. Wasu kuma suna gidajen gem, inda akan biya 'yan kuɗi a buga ƙwallo a na'urar PlayStation.

KASHI 30 CIKIN 100

Manyan dillalan wannan sana'a sanannu ne. A fannin kwamfuta akwai kasuwar Steam, wadda kamfanin Valve na Amurka ya buɗe a shekarar 2003. A fannin waya akwai App Store na kamfanin Apple, wanda aka buɗe a 2008, da kuma kasuwar kamfanin Google wadda ita ma ta soma a 2008, aka sake mata suna Google Play a 2012. Wannan ta ƙarshe ita ta fi shafar mutanen Nijeriya, saboda yawancin wayoyin da ke hannun jama'a, irin su Tecno da Infinix da itel, da tsarin Android na Google suke aiki.

Ƙa'idar da waɗannan kasuwanni suka daɗe a kanta ita ce su cire kashi 30 cikin 100 na duk cinikin da aka yi. Har ila yau la'adar ba ta tsaya a kan sayen wasan kansa ba. Yawancin wasannin waya kyauta ake sauke su, sa'an nan a riƙa sayar wa mai wasa da kuɗin cikin wasa, waɗanda zai sayi ɗan ƙwallo ko tufafi ko makami da su. Wannan ma dillali yana da rabonsa a ciki.

Hujjar masu kasuwar ita ce su ne suka tara masu saye, su ke ajiye wasan a rumbunansu, su ke karɓar kuɗi daga ƙasa zuwa ƙasa, su ke tace manhajojin 'yan damfara, su ke kuma mayar da kuɗi in ciniki ya ɓaci. Masu ƙera wasa kuwa suna cewa su ne suka ɗauki ma'aikata shekara da shekaru suna aiki, su ne za su yi asara in wasan bai karɓu ba, saboda haka kusan sulusin ciniki ya yi yawa a matsayin ladan dillanci.

MASU KAYA SUN BUƊE RUMFUNANSU

Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo. Kamfanin Electronic Arts, mai wasan ƙwallon nan da aka sani da FIFA har zuwa 2023 lokacin da ya koma EA Sports FC, ya buɗe kantinsa mai suna Origin a 2011, ya daina kai sababbin manyan wasanninsa Steam. Kamfanin Activision ya mayar da wasan Call of Duty na kwamfuta kantin Battle.net a 2018. Kamfanin Ubisoft na ƙasar Faransa shi ma ya janye sababbin wasanninsa daga Steam a 2019.

Amma abin mamaki, dukansu uku sun koma. Electronic Arts ya dawo Steam a ƙarshen 2019, Activision da Ubisoft kuma suka biyo baya a 2022. Dalili kuwa a fili yake. Mutumin da ya tara wasanninsa da abokan wasansa a wuri guda ba ya son a ce sai ya sake buɗe wani asusu, ya sake riƙe wata kalmar sirri, don wasa ɗaya tak. Kamfanonin sun gane cewa kashi 70 na ciniki mai yawa ya fi kashi 100 na ciniki kaɗan. Duk wanda ya taɓa baza kaya a ƙofar gidansa ranar da kasuwa ke ci ya san wannan lissafi.

Wanda ya ɗauki abin da zafi shi ne kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, a ƙarƙashin shugabansa Tim Sweeney. A watan Disamba na 2018 ya buɗe tasa kasuwar, ya ce kashi 12 kawai zai riƙa cirewa, ya kuma shiga raba wasanni kyauta don jawo jama'a. Sa'an nan a ranar 13 ga watan Agusta, 2020, ya sa wata hanyar biyan kuɗi ta kai tsaye a cikin Fortnite, tare da rangwamen kashi 20 ga wanda ya bi ta nan. A ranar Apple da Google suka fitar da wasan daga kasuwanninsu, a ranar kuma Epic ya kai su ƙara.

A watan Satumba na 2021 mai shari'a Yvonne Gonzalez Rogers ta Jihar Kalifoniya ta ba Apple gaskiya a tuhuma 9 daga cikin 10, amma ta umurce shi da ya bar masu manhajoji su nuna wa masu saye wata hanyar biya a waje. Apple ya bi umurnin, sai dai ya ɗora la'adar kashi 27 a kan cinikin wajen. A ranar 30 ga watan Afrilu, 2025, mai shari'ar ta ce da gangan kamfanin ya saɓa wa hukuncinta. Apple ya ɗaukaka ƙara, amma a watan Mayu na shekarar Fortnite ya koma App Store a Amurka. Shi kuwa Google, a watan Disamba na 2023 masu taya alƙali yanke hukunci a birnin San Francisco suka same shi da laifin kankane kasuwa. A Tarayyar Turai ma wata doka da ta soma aiki a kan manyan kamfanonin a watan Maris na 2024 ta tilasta wa Apple barin wasu su buɗe kasuwanni a wayar iPhone.

Rigimar ta ɗan sassauto da la'ada. Tun ƙarshen 2018 Valve ya rage tasa zuwa kashi 25 ga wasan da cinikinsa ya wuce dala miliyan 10, da kashi 20 ga wanda ya wuce miliyan 50. A 2021 Apple da Google suka rage wa ƙananan masu manhajoji zuwa kashi 15. Duk da haka buɗe kasuwa ba wasa ba ne, domin a wajen shari'ar 2023 wani jami'in Epic ya shaida wa kotu cewa kasuwarsu, bayan shekara biyar, ba ta soma kawo riba ba.

INA RUWAN ƊAN JALINGO?

Mai karatu zai iya tambaya ina ruwan saurayin Jalingo da faɗan attajiran Amurka. Amsar tana cikin aljihunsa. A 2024 dala ɗaya ta haura N1,500, alhali kuwa a farkon 2023 ba ta kai N500 ba a farashin gwamnati. Sabon babban wasa na PlayStation 5 dala 70 ne, watau kimanin N105,000 a wancan canji, a shekarar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan N70,000. Kashi 30 na wannan kuɗi ya kama N31,500. Bayan haka ga harajin kayan masarufi na kashi 7.5 da gwamnatin tarayya ta faɗaɗa zuwa kan cinikin kamfanonin intanet na ƙasashen waje daga 2022.

Sai kuma matsalar hanyar biya. A 2022 bankunan Nijeriya da dama suka rage abin da za a iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, daga bisani wasu suka tsayar da shi ɗungum, sai a tsakiyar 2025 wasunsu suka sake buɗewa. A waɗannan shekaru mai wasa yakan kasance da kuɗi a asusunsa amma ya kasa saye a Google Play. Abin da ya cike gurbin shi ne kantunan gefe, irin su Midasbuy na kamfanin Tencent na ƙasar Sin, inda ake sayen kuɗin wasan PUBG Mobile, da Carry1st, wani kamfanin Afirka da aka kafa a 2018, wanda ke karɓar naira ta hanyoyin biya na gida. Wasu kuma sukan tura kuɗi ga wani mai sayar da katin kyauta a WhatsApp, wanda ba su taɓa ganin fuskarsa ba. In ya cika alkawari madalla, in ya gudu da kuɗin ba inda za a kai ƙara.

Mai gidan gem yana da tasa damuwar. A da yakan sayi faifan wasa na hannu, in ya gama da shi ya sayar ko ya yi musaya da maƙwabcinsa. A 2019 kamfanin Sony ya hana 'yan kasuwa sayar da lambobin sauke cikakkun wasanninsa, a 2020 kuma ya fito da wani samfurin PlayStation 5 wanda ba shi da wurin sa faifai sam. Wasan da aka saya ta intanet yana ɗaure ne da asusun mai saye, ba a sayar da shi ga wani, kuma in aka rufe asusun jarin ya tafi. A nan mai kaya da dillali duk mutum ɗaya ne, kuma hakan bai sa kaya sun yi araha ba.

A watan Mayu na 2024 an ga wani misali. Sony ya ce duk wanda ya sayi wasan Helldivers 2 a Steam sai ya haɗa shi da asusun PlayStation, alhali ƙasashe da yankuna fiye da 170, har da Nijeriya, ba su cikin jerin wuraren da aka yarda a buɗe wannan asusu. Aka cire wasan daga kasuwar waɗannan ƙasashe. Bayan 'yan kwanaki ana surutu Sony ya janye sharaɗin, amma masu wasa a Afirka sun ga yadda takun-saƙar mai kaya da dillali kan iya rufe musu ƙofa ba tare da an tuntuɓe su ba.

DARASI DAGA KANO

Ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan rigima ba ce. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, sana'ar finafinan Hausa ta bunƙasa a hannun 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata a Kano. Mai shirya fim yakan buga kwalaye ya kai wa 'yan kasuwa, su kuma su kwafi kaset su rarraba har Yola da Jalingo da Maraɗi, a biya shi gwargwadon kwalin da aka ce an sayar. An daɗe ana ƙorafi a kan jinkirin biya da satar fasaha. Da kasuwar faifai ta mutu a hannun masu tura finafinai a waya, sai masu shirya fim suka nemi mafita. An kafa manhajar Northflix a 2019 don sayar da finafinan Hausa kai tsaye, amma shirye-shiryen da suka fi tashe a 2020, irin su Izzar So da Labarina, a YouTube jama'a da yawa suka kalle su. YouTube kuwa mallakar Google ne, kuma yana riƙe kashi 45 na kuɗin talla. An gudu daga dillalin Ƙofar Wambai, an faɗa hannun wanda ya fi shi girma, saboda wurinsa masu kallo suka taru.

Haka abin zai kasance ga duk wani matashi a Taraba da ya koyi rubuta manhaja ya ƙera wasansa, kamar yadda kamfanin Maliyo Games ke yi a Legas tun 2012. Tsarin Android ya yarda mutum ya raba manhajarsa kai tsaye, kuma samari sun saba tura wa juna wasanni ta Xender ko su karɓa a shagon masu turi. Amma wayar takan gargaɗi mai ita kafin ta karɓi irin wannan manhaja, kuma gargaɗin yana da dalili, domin ta wannan hanya ce wasannin jabu masu satar bayanan banki ke yaɗuwa. Epic da kansa ya gwada raba Fortnite a wajen Google Play daga 2018, ya gaji ya kai shi can a watan Afrilu na 2020.

Abin lura a nan shi ne hukunce-hukuncen kotunan Amurka a Amurka suke aiki, dokar Turai kuma a Turai. Ba abin da ya tilasta wa waɗannan kamfanoni su ba ɗan Nijeriya sassaucin da suka ba Ba'amurke. Nijeriya tana da hukumar kare haƙƙin masu saye da tabbatar da gasa a kasuwanci, watau FCCPC, wadda a watan Yuli na 2024 ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220. Wannan ya nuna tana da ikon tunkarar manya in ta ga dama, kuma batun la'ada da hanyoyin biya a kasuwannin manhajoji ya cancanci ta duba shi.

Kafin lokacin, ya kamata mai wasa ya gwada farashin kantin kamfanin da na kasuwar waya kafin ya biya, ya tabbata kantin na gaskiya ne, kada kuma ya ba kowa kalmar sirrin asusunsa. Iyaye su lura da katin bankin da aka ɗaura a wayar da yara ke wasa da ita. Mai gidan gem kuwa, muddin yana da zaɓi, na'ura mai karɓar faifai ta fi masa kwanciyar hankali, domin faifan da ke hannunsa kadara ce da zai iya sayarwa ranar da bukata ta taso.