Gerry Neugebauer da Binciken Haihuwar Taurari

Gabatarwa

Taurari ba su dawwama. Ana haifar su, su tsufa, su mutu. Sai dai wurin da ake haifar su yana lulluɓe da ƙura da iskar gas, ta yadda hasken da ido ke gani ba ya iya ratsowa, kamar yadda hazo ke ɓoye gari a lokacin hunturu. Saboda haka masana suka daɗe ba su ga farkon rayuwar tauraro ba. Gerry Neugebauer yana cikin waɗanda suka warware wannan matsala.

Hasken da ido ba ya gani

A shekarar 1800 William Herschel ya raba hasken rana zuwa launuka, ya auna zafin kowane launi. Sai ya tarar da zafi a gaba da launin ja, inda ido ba ya ganin komai. Wannan shi ne hasken infarared. Duk abu mai ɗumi yana fitar da shi, har da jikin mutum. Amfaninsa ga masana taurari iri biyu ne: yana ratsa ƙura fiye da hasken da ido ke gani, kuma yana tona abubuwan da zafinsu bai kai su yi haske ba.

Rayuwarsa da aikinsa

An haifi Neugebauer a garin Göttingen na ƙasar Jamus a 1932, iyayensa suka koma Amurka da shi tun yana yaro. Ya sami digirin digirgir a fannin fiziks a jami'ar Caltech a 1960. Ya yi aiki a kan na'urar auna zafi da kumbon Mariner 2 ya ɗauka zuwa kusa da Zara a 1962, a shekarar kuma ya fara koyarwa a Caltech.

Shi da Robert Leighton suka haɗa madubin hangen nesa mai faɗin mita 1.6 a kan dutsen Wilson da ke Kalifoniya, suka bi mafi yawan sararin sama suna aunawa. A 1969 suka wallafa jerin abubuwa kusan 5,600 masu fitar da hasken infarared. Wasu daga cikinsu tsofaffin taurari ne da suka lulluɓe kansu da ƙurar da suke fitarwa.

Babban abin da ya fito da sunansa shi ne wanda ya gano tare da ɗalibinsa Eric Becklin a cikin gajimaren Oriyon, mai nisan da haske ke yin shekara kusan 1,300 kafin ya iso duniya. A 1967 suka ba da rahoton wani abu mai ƙarfin infarared wanda ba ya fitowa a hoto ko kaɗan. A lokacin an ɗauka tauraro ne da bai gama haɗuwa ba. Bincike na baya ya nuna cewa matashin tauraro ne wanda ya ninka rana nauyi sau da yawa, kuma yana gudu ne daga wani gungun taurari da ya tarwatse shekara kusan 500 da suka wuce. A 1968 su biyun suka hango tsakiyar babban gungun taurarin da rana take ciki, wurin da ƙura ta tare.

Daga ƙasa zuwa sama

Tururin ruwa da ke cikin iska yana shanye mafi yawan hasken infarared, madubin kansa kuma yana fitar da nasa zafin. Maganin shi ne a kai madubi sama a sanyaya shi. Neugebauer ne ya jagoranci masanan Amurka a aikin tauraron ɗan Adam mai suna IRAS, wanda Amurka da Holan da Birtaniya suka harba a watan Janairu na 1983. Ya yi aiki wata goma, har sinadarin hiliyam da ke sanyaya shi ya ƙare. A ɗan wannan lokaci ya auna kashi 96 cikin ɗari na sararin sama, ya nuna wurare masu yawa da ake haifar taurari, ya kuma gano ƙura kewaye da tauraron Vega.

Kammalawa

Neugebauer ya shugabanci cibiyar hangen taurari ta Palomar daga 1980 zuwa 1994, ya rasu a 2014. Madubin James Webb da aka harba a 2021 da hasken infarared yake aiki, kuma gajimaren Oriyon yana cikin wuraren da ya bincika.